Shawara nake nema: in sayar da filin gado in tafi Ingila ko in zauna da shagona?

Mai_Sola_BauchiRoad

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa cewa komai ba, sai yau da abu ya sha min kai, kwana uku kenan ba na barcin kirki.

Shekarata 28, a Jos aka haife ni, nan na yi karatu tun daga firamare har digiri. Yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci mana wata takwas cur shi ne ya jefa ni koyon aikin sola a wurin wani oga, don zaman gida ya ishe ni, to da na gama bautar ƙasa (lokacin alawi 33,000 ne, ba a kai ga 77,000 ɗin nan ba) na zaga da takardu har takalmina ya cinye ba labari, sai na koma wa sana'ar. Yanzu ina da ɗan shago, ina da yara uku da ke koyo a hannuna. Wata mai kyau in samu abin da ya fi albashin ma'aikacin gwamnati, wani watan kuma wallahi kuɗin hayar shago ma sai na ranta, saboda fanel da batir da inbata duk dala suke bi, ka ba mutum farashi ranar Litinin kafin ya haɗo kuɗin ranar Juma'a kaya sun tashi.

To akwai abokina da ya tafi Ingila tun 2022, kullum maganarsa ɗaya, me nake jira. Ya ce in nemi mastas in shigo, sauran Allah zai yi. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana fili a wajen Rikkos, ni da Hajiya da ƙannena mata biyu, kuma Hajiya da bakinta ta ce in dai tafiyar alheri ce a sayar, su sun yafe. Kawuna kuwa da ya ji sai ya hau faɗa, wai kowa ya bar gida gida ya bar shi, in duk masu ilimi kuka watse wa zai gyara ƙasar. Na yi shiru ne don girmansa amma a raina cewa na yi Kawu ni na ɓata ta?

Abin da ya ƙara rikita ni, satin da ya wuce mun je haɗa wa wani ɗan kemis sola don firijin allurai, na bar ƙaramin yarona, ɗan shekara 17, ya yi wayarin shi kaɗai ina tsaye ban taɓa ko sukudireba ba. Da ya ɗaga suwic wuta ta kawo firij ya fara ƙugi, yadda yaron nan ya juyo ya kalle ni yana dariya har da hawaye, ni kaina sai da na kau da kai. Yaron da uwarsa ta kawo min shi tana roƙo don ya fara bin 'yan majalisar shan magani. In na tafi shagon rufewa zai yi, wannan ba tantama.

Don Allah waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Ban son wa'azin kishin ƙasa irin na rediyo.

Ɗan_Gangare

Wa alaikumus salam. Malam ka tafi. Ka tafi tun kafin su sake rufe wata ƙofar, magana ta ƙare.

Ni wannan kalma ta gina ƙasa ita ce ta fi ba ni haushi a duniya, kullum talaka ake wa huɗubarta. Wanda ke ce maka ka zauna ka yi haƙuri je ka bincika ina 'ya'yansa ke karatu, ina matarsa ke haihuwa, in ciwon kai ya kama shi wane jirgi yake hawa. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 a cikin jawabin rantsuwa, mun wayi gari litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa 1,000, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta wuce 1,500, sannan aka ce mafi ƙarancin albashi 70,000. Buhun shinkafa nawa a kasuwar Katako lokacin? Da me za ka gina ƙasar, da yawu?

Kuma mu 'yan Jos namu ya fi na kowa ciwo, kada mu yaudari kanmu. Kakana a garin nan aka haife shi, yana nan kwance a maƙabartar garin nan, amma ranar da na je neman takardar indijin don cike wani aikin ɗamara sai aka ce min in tafi garinmu. Wane garin? Na je can inda aka ce asalinmu yake ko mutum ɗaya bai san sunan gidanmu ba, su ma suka ce ai kai ɗan Jos ne. Nan baƙo can baƙo. To gara in je inda na san ni baƙo ne na gaske a biya ni da fam.

Ni da ina da filin sayarwa da tuni kuna jin labarina daga wani wuri. Keke nake ja da HND a aljihu.

Maman_Hanifa

Ƙanena sannu, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Ni 'yar Anguwan Rogo ce, nas ce, shekarata huɗu a arewacin Ingila, bari in ba ka abin da na gani da idona, ba ji na yi ba.

Farko dai ban yi nadamar zuwa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. A asibitin da na bari a gida da fitilar waya muka sha karɓar haihuwa, wata rana safar hannu ma sai dangin mara lafiya sun sayo, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. A nan ana biyana a kan lokaci, na gyara wa iyayena gida, ina biya wa ƙannena biyu makaranta. Kuma ban yarda a ce mana mun gudu ba, kuɗin da 'yan Najeriya na waje ke turowa gida yana kai wa wajen dala biliyan 20 a shekara, wannan kuɗin a tukunyar wa yake shiga?

Amma ka lura da bambancina da kai. Ni da aikina a hannu na zo, na ci jarabawar Turanci, na ci CBT (jarabawar aikin nas ta kwamfuta) tun ina gida, na zo na ci OSCE (ta gwajin aiki a aikace), asibiti ne ya ɗauke ni. Kai kuma ɗalibi za ka zo, kuma Ingilar da abokinka ya shigo a 2022 ba ita ce ta yau ba. Tun Janairun 2024 ɗan mastas na gama-gari ba ya zuwa da iyali. Hanyar aikin kula da tsofaffi da mutane da yawa suka bi, an hana zuwa da iyali a Maris 2024, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a sati lokacin karatu, awa 20 ɗin nan haya da abinci da kuɗin bas za su lashe ta, ba za ta biya maka kuɗin makaranta ba, ga kuɗin inshorar lafiya fam 776 na shekara da za ka biya tun wajen neman biza. Ka tuna abin da ya faru a jami'ar Teesside a 2024, ɗaliban Najeriya da suka taho da kuɗinsu lissafe a naira, naira ta faɗi kuɗin ya narke a banki, suka kasa cika kuɗin makaranta aka dakatar da wasu har aka ce su bar ƙasar. Mutanen nan fa ba sakaci suka yi ba.

Ka tambayi abokinka tambaya uku ka ce ya rantse: wane aiki yake yi yanzu, su nawa ne a gidan da yake kwana, kuma wace biza ce a hannunsa kuma yaushe za ta ƙare. Hoto a gaban jar bas sanye da jaket ba amsa ba ne. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Sai abin da ba a sa shi a lissafi. Babana ya rasu ina kan aikin dare, a ɗakin canza kaya na kalli jana'izarsa a waya, ƙanena ya riƙe min wayar netwok na yankewa, na share hawaye na koma na ci gaba da raba magani don ba wanda zai karɓe ni. Hanifa kuma yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa. Sanyin Jos da muke taƙama da shi a Disamba wasan yara ne, nan ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, in ma za ka tafi, kada da rabon ƙannenka mata. Sun ce sun yafe don suna jin kunyarka da ta Hajiya ne. In abu ya karkace kai namiji ne za ka tashi, su fa?

Baba_Malam_Dilimi

Yarana Allah ya yi muku albarka. Jikata ce ke buga min wannan, ni ido ya yi rauni. Shekara 35 na yi ina koyarwa a garin nan kafin na yi ritaya.

Wannan zance naku ba sabo ba ne. A 1984 zamanin Buhari na soja akwai tallan da ake sawa a talabijin na wani Andrew da ya ɗauki jakarsa zai bar ƙasa don ba wuta ba ruwa, ana ba shi haƙuri ya zauna. A lokacin aka ce mana ba mu da wata ƙasa sai Najeriya, mu zauna mu ceto ta tare. Abokaina biyu sun tafi, ni na zauna. Ɗaya ya dawo da abin arziki, ɗaya gawarsa ma ba mu gani ba. Ni kuma ga ni ina bin layin fansho. Saboda haka ba zan ce maka wanda ya zauna shi ya ci riba ba.

Amma ina so ka san garin da kake tsaye a kai. Jos ɗin nan da ƙarfin matasa 'yan ci-rani aka gina ta. Ubana da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano aikin kuza yana saurayi, suna haƙa suna wankewa ana loda wa jirgin ƙasa, arzikin ya tafi Ingila aka bar mana ramuka cike da ruwa. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985 mutane suka ce Jos ta mutu. Ba ta mutu ba, waɗannan ramukan ne samari suka kafa wa injin ban-ruwa suka mai da gefensu lambu. Kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, bayan rikicin Satumba 2001, sai na 2008, sai na 2010, kowane karo wasu sun kwashe sun koma Bauchi da Kano da Abuja kuma ban zarge su ba, amma waɗanda suka sake kafa rumfa a kan toka su ne suka sa har yau kake da Bauchi Road ɗin da za ka buɗe shago.

Kai kuma Ɗan Gangare, maganar indijin gaskiya ka faɗa, ciwo ne da na girma da shi kuma zan mutu da shi. To amma wa zai tsaya a gyara? Malam Aminu Kano shekararsa wajen 30 lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma abin da suka tunkara ya fi takardar indijin tsanani, ɗauri ne da bulala a hannun En'e. Gowon ɗan jihar nan yana da 31 ya riƙe ƙasar nan a 1966. A 2018 an sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 suka yi rajista, ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. Ranar zaɓe a layinmu ƙwallo na ga samari suna bugawa a kan titi don ba mota.

Ɗana mai sola, ni ban iya lissafin fam ba. Abin da na sani shi ne na koyar da yara sun fi dubu, kuma a cikinsu wanda ke tsayar da mota ya gaishe ni ba lallai wanda ya fi ƙoƙari a aji ba ne, wanda na hana shi lalacewa ne. Kana da irinsu uku. Ka yi istihara.

Ɗan_Gangare

Baba Allah ya ƙara girma, ba gardama nake da kai ba, amma wanda ya ce mu zauna mu ceto ta tare ɗin, wato Buhari, Allah ya jiƙansa, kwana fiye da 100 ya yi a Landan yana jinya a 2017, kuma a asibitin Landan ya cika a Yulin 2025. Shi ke nan abin da nake faɗa. Batun takara kuwa an rage shekaru ba a rage kuɗi ba, fom ɗin majalisar wakilai na APC miliyan 10 ne a 2022, ko an yi wa matashi ragin rabi ina mai keke zai ga miliyan 5, kafin a zo maganar deliget.

Amma maganar ƙwallo ranar zaɓe ta same ni, don ina cikin masu bugawar.

Bakin_Agadas

Ni dai abu ɗaya. Duk yadda za ka yi kada wani ejan ya ce maka akwai hanya mai sauƙi ta ƙasa. Na bi ta, Agadas zuwa Sabha a bayan Hilux riƙe da sanda tsakanin ƙafafu, wata goma sha ɗaya na yi a Libiya, gidanmu sai da suka sayar da shanu biyu aka karɓo ni daga hannun masu tsare mutane. In ta jirgi ce da takarda sahihiya wannan lissafinka ne. Ban da ta sahara.

Alhaji_Kabeji_FarinGada

Mai sola, duk sun yi maka maganar zuciya, ni bari in yi maka ta kasuwa don ita na sani, ban yi boko mai zurfi ba.

Ni dillalin kayan gwari ne a Farin Gada, kabeji, karas, koren tattasai, latas, dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, muna lodi zuwa Abuja da Fatakwal da Mile 12 a Legas. Ka san abin da ke kashe manomanmu na rani yanzu? Fetur. Mutum na da ruwa a gabansa a tsohon ramin kuza amma injin sai ya sha mai, da can ba ya ji a jikinsa, yanzu kuɗin mai kaɗai kan cinye ribar, na san waɗanda suka rage fili rabi saboda haka. Ga rana kyauta tana dukan ƙeyarsu tun safe. Kai kuma kana zaune a Bauchi Road kana jiran mai kuɗi ya zo ya haɗa sola don ya kalli ƙwallo da daddare, shi ya sa wani watan kake ranta.

Famfon sola na ban-ruwa ba ya ma buƙatar batir, wanda shi ne abu mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa a harkarku, rana ta fito ya ja ruwa, rana ta faɗi ya tsaya. Matsalar manomi ba shi da kuɗin biya a dunƙule. To mu dillalai dama muna ba su bashin taki da iri mu cire in kaya sun zo, me zai hana a yi haka da famfo? Ni zan iya tsaya wa mutum biyar da na yarda da su a gwada rani ɗaya. Ba alkawarin arziki nake maka ba fa, akwai ɓarayin fanel, akwai wanda zai ci bashi ya ɓace, akwai ƙauyukan da yanzu ni kaina ba na kwana saboda rashin tsaro, kuma in kabeji ya yi kwantai a kasuwa kowa kuka yake. Na taɓa zubar da rabin mota a hanyar Lokoja don ta lalace kwana biyu a rana.

Ni ban san ko wannan ne gina ƙasa ba, ni dai neman kuɗi na sani, amma in manomi ya noma kadada biyu maimakon ɗaya, mai lodi ya samu, direba ya samu, yaranka uku sun zama shida. Filin Rikkos kuwa ka bar shi, fili ba ya cin tuwo, kuma wanda ya sayar a Jos shekara goma baya tambaye shi ko zai iya sayen rabinsa yau.

In ka gwada shekara biyu abin bai yi ba Ingila ba ta gudu, sai ka tafi da kuɗin guminka.

Mai_Sola_BauchiRoad

Na gode ƙwarai jama'a, wallahi ban zaci za a ba ni lokaci haka ba.

Anti Maman Hanifa, na yi wa abokina tambayoyin nan jiya da daddare. Ta farko ya amsa, a sito yake aikin dare yana jera kaya. Ta biyu ya yi dariya ya ce su biyar. Ta uku ya ce netwok ba kyau zai kira ni, har yanzu ina jira. Maganar ƙannena kuma ta tsaya min a rai, na kira ƙaramar na tambaye ta tsakaninta da Allah, sai ta yi shiru can ta ce Yaya dama ina tunanin da rabona zan yi karatun nas. Ban san ma tana da wannan burin ba.

Baba na gode, zan yi istihara in sha Allah. Ɗan Gangare ban ce ka yi ƙarya ba ko ɗaya, fasfo ɗina ma zan sabunta shi in ajiye, ban rufe wannan ƙofar ba. In kana da sha'awar koyon wayarin ka leƙo shago da yamma bayan ka ajiye keke, mai HND ba zai ɗau wata uku ba.

Alhaji na turo maka saƙo ta akwati. Ina buƙatar sanin zurfin ramin da nisan ruwa zuwa gonar kafin in san girman famfo da yawan fanel, don haka sai na je na gani da idona. Asabar bayan azahar ta yi maka? Zan taho da yaron.